Darasin Bakolori Game da Sa Ido a Kan Ƙirƙirarriyar Basira



Ran da aka kawo mini takardar gayyata, aka ce in yi magana a kan yadda hukumomi za su haɗa kai su sa ido a kan ƙirƙirarriyar basira, sai da na sake duba bayan ambulan, don na zaci masinja ya yi ɓatan kai ya kawo wa malamin Hausa saƙon injiniya. Da na zauna na yi tunani, sai na ga ashe maganar ba ta tsaya ga ƙarfe da waya ba. Magana ce ta mulki, watau wane ne ke da alhakin me, da kuma ƙofar da talaka zai nufa, da harshen da zai kai kuka da shi in an cuce shi. A wannan fage kuwa malamin Hausa ma yana da ɗan abin cewa.

Bari mu fara da sunan abin, tun da yake sana'armu ke nan. Abin da gidajen rediyo suke kira ƙirƙirarriyar basira, wata dabara ce ta koyar da kwamfuta. Maimakon a rubuta mata ƙa'idoji ɗaya bayan ɗaya, sai a ɗura mata bayanai masu ɗimbin yawa, na rubutu ko hoto ko murya ko lissafi, ita kuma ta tsamo yadda al'amura suka saba tafiya a cikinsu. Daga nan in an kawo mata sabon al'amari sai ta yi kirdado: wannan mutum zai biya bashi ko ba zai biya ba, kogin nan zai yi ambaliya jibi ko ba zai yi ba, wannan magana zagi ce ko raha. Abin da ba a ɗura mata ba, ba ta san shi ba. Sau da yawa kuma ko waɗanda suka ƙera ta ba su iya bayyana dalilin da ya sa ta yanke wani hukunci a kan wani mutum. Daɗin daɗawa, tana iya zama cikin wani gini a Amurka ko Turai ko Sin, alhali aikinta yana sauka a kasuwar Talata Mafara.

Na zaɓi in bi ta Bakolori ne domin babu wani wuri a ƙasar Hausa da ya fi nan sanin abin da ke faruwa idan babbar fasaha ta zo daga waje, ta faɗo tsakanin ofisoshi da yawa.

Abin da ya faru a Bakolori

A shekarar 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto a kan kwarin Gulbin Sakkwato da na Rima, ta ba da shawarar a yi aikin ban-ruwa matsakaici, a bi shi sannu a hankali. Ba a daɗe ba kuɗin man fetur suka shigo. Kamfanonin Italiya suka sake nazarin aikin, suka ce a faɗaɗa shi, ɗaya daga cikinsu kuma, watau Impresit, shi ya sami kwangilar. Ina roƙon ku riƙe wannan a zuciya, don za mu dawo kansa: wanda ya auna ciwon shi ne ya sayar da maganin. Aka fara aiki a 1974, aka gama madatsar a 1978, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda aka kafa a 1973. Tafkin da ya taru a bayan madatsar ya mamaye kimanin hekta 8,000, aka kuma shirya ban-ruwa ga fili mai faɗin hekta fiye da 20,000 a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun.

Babu mai musun cewa aiki ne na ƙwararru. Bangon yana nan tsaye har yau, ana kuwa cin shinkafarsa. Inda gizo ke saƙa shi ne abin da ya rage a wajen zanen injiniya. Mutane fiye da 10,000 ruwa ya tashe su daga gidajensu da fadamunsu a yankin Maradun, aka mai da su kan tudu. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin ban-ruwa kuwa, an hana su noma damina fiye da ɗaya ana baje ƙasa ana haƙa magudanai, an sassare itatuwansu masu amfani, biyan diyya ya zama je-ka-ka-dawo. To, manomi ya kai kuka ina? Madatsa ta Gwamnatin Tarayya ce. Masu katafila 'yan kwangila ne, ba su jin Hausa, ba su kuma da ikon biyan kowa. Ƙasa, tun daga Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978, tana hannun gwamnan jiha, a karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin gona. Hakimi da dagaci su ne suka san gonar wane ta yi iyaka da ta wane, amma ba su ne ke riƙe da rajista ba. Kowane ofis yana da yanki guda na maganar, babu ofishin da ke da ita dukanta.

Da tura ta kai bango, manoma suka tare hanyoyin aikin, suka hana motoci wucewa. A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka buɗe wuta, aka ƙone ƙauyuka. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu, masu bincike da 'yan adawa suka ƙirga fiye da 300. Har yau ba a daidaita a kan adadin ba, wannan kuwa shi kansa shaida ne cewa babu wata hukuma mai zaman kanta da aka ɗora wa alhakin ƙirgawa.

Akwai kuma wasu mutane da ba su tare hanya ba, don ba su ma san wurin da za su tare ba. Su ne mazauna fadamun da ke ƙasa da madatsar, har zuwa kusa da Sakkwato. Tun kaka da kakanni ambaliyar damina ce ke jiƙa musu ƙasa su shuka shinkafa, ta bar musu laima su yi noman rani, ta cika tafkuna da kifi. Da aka tare ruwan, ambaliya ta ragu. Wani masani Bature, W. M. Adams, ya bi ƙauyukan nan a farkon shekarun 1980, ya nuna yadda shinkafa ta ja baya gero da dawa suka maye gurbinta, noman rani ya ragu, su kuma ya lalace. Waɗannan bayin Allah ba su cikin taswirar aikin. Iyakar aikin hukuma ta ƙare a ƙarshen magudanar ruwa, amma gulbi bai san da wannan iyaka ba, ya ci gaba da tafiyarsa. Dokar da ta tilasta a auna illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi ba ta zo ba sai 1992, shekara 14 bayan an gama madatsar. Ita ma sai da aka jibge dattin masana'antu mai guba a garin Koko a 1988 kafin aka farka aka kafa hukumar kare muhalli.

Kada wani ya ce wannan tsohon labari ne. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara kimanin 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum. Ma'adinai na wata ma'aikata ne, muhalli na wata, lafiya ta wata, likitocin agaji na ƙasashen waje ne suka fara gano abin, garin Bagega kuwa sai 2013 aka soma share masa ƙasa.

Sabon gulbi

Yanzu sai mu ɗauki misali, mu ƙaddara wani manomi a Bakura ya nemi rancen taki ta wayarsa. Manhajar ta nemi izinin duba wayar, ya danna mata ba tare da ya karanta ba, don da Turanci aka rubuta. Wata na'ura ta duba yawan katin da yake sawa, da saƙonnin da ke shigo masa, watakila har da hoton gonarsa daga tauraron ɗan'adam, ta ce bai cancanta ba. Ko kuwa ta ba shi, ruwan bashin ya ninka, ranar biya ta wuce, aka aika wa surukansa da limamin unguwarsu saƙon cewa shi ɓarawo ne. Wa zai kai wa ƙara?

Layin waya na Hukumar Sadarwa ne, watau NCC. Bayanan da aka kwasa na Hukumar Kare Bayanan Jama'a ne, wadda dokar watan Yuni na 2023 ta kafa. Lambar shaidar ɗan ƙasa da aka haɗa da layin tun ƙarshen 2020 ta wata hukumar ce dabam. In mai ba da rancen banki ne, maganarsa tana Babban Bankin Nijeriya, dokar bankuna ta 2020 ma ta keɓe irin waɗannan al'amura ga Babban Bankin. In kuwa ba banki ba ne, lasisinsa na iya zama na wata jiha, a ƙarƙashin tsohuwar dokar masu ba da kuɗi da ruwa. Cutar mai saye ta Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ce, watau FCCPC. Fasahar kanta tana ƙarƙashin NITDA. Kamfanin yana da ofis a Ikko, masu kuɗin suna wata ƙasa, na'urar tana wata ƙasar ta uku. Ashe mun komo Bakolori ke nan.

Rabin wannan misali ba ƙage ba ne. Tozarta masu cin bashi ta waya ya yi yawa a ƙasar nan har ya kai Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta haɗa kwamiti da NITDA da hukumomin yaƙi da cin hanci da wasunsu, a 2022 aka kai samame ofisoshin wasu kamfanoni a Ikko, aka tilasta musu yin rajista, aka kuma sa kamfanin Google ya cire waɗansu daga rumbun manhajojinsa. Lura da wannan na ƙarshe. Hukumomin ƙasa guda sun taru, amma mabuɗin ƙofar yana hannun wani kamfani a Amurka. Haka nan a watan Yuli na 2024, bayan bincike na shekara uku da hukumar ta yi tare da Hukumar Kare Bayanai, aka ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, kotun musamman kuma ta tabbatar da tarar a watan Afrilu na 2025. Waɗannan biyu sun nuna haɗin kai yana yiwuwa, yana kuma da amfani. Sai dai dukansu ihu ne bayan hari.

Mutanen Zamfara sun ɗanɗana wani abin kuma da ya nuna yadda sassan nan suke sarƙe da juna. A farkon watan Satumba na 2021 Hukumar Sadarwa ta umurci kamfanoni su rufe layukan waya a jihar baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka ce na mako biyu ne, abin ya kai watanni a wasu wurare. Umurnin na tsaro ne, amma ya sauka a kan mai POS a bakin kasuwa, da ɗalibi mai jiran sakamako, da mai haƙuri da ke neman jini a asibiti. Jaridu kuma suka ruwaito cewa a garuruwan kan iyaka akwai masu kama layin Nijar su ci gaba da harkarsu. Ban kawo wannan don in yanke hukunci a kan matakin ba. Na kawo shi don a ga cewa in hukuma ɗaya ta taɓa waya, ta taɓa banki da asibiti da makaranta, ikonta kuma yana ƙarewa a kan iyaka alhali iskar da ke ɗauke da magana tana wucewa.

Shin a kafa babbar hukuma guda?

Duk sa'ad da aka yi irin wannan magana a gaban ma'aikata, akan sami mai cewa mafita ita ce a kafa sabuwar hukuma, a ba ta gini da motoci, a tara mata dukan iko a kan ƙirƙirarriyar basira. Ni ban gamsu da wannan ba, dalilina kuwa Bakolori ne. Ai hukumomin raya koguna, waɗanda aka mai da su 11 a 1976, an kafa su ne da wannan niyya, a tara ruwa da noma da gini a hannu ɗaya don a huta da jan ƙafar ma'aikatu. Abin da ya biyo baya shi ne mai gini ya zama shi ne alƙalin gininsa. Hukumar da ake auna nasararta da yawan hektar da ta shayar, ba za ta tashi ta je neman masunci a ƙasa da madatsa ta tambaye shi hasararsa ba. Haka kuma hukumar da aka ɗora wa bunƙasa fasaha da jawo masu zuba jari, da wuya ta zama ita ce mai taka musu birki. Har ila yau, wanda zai gane na'urar duba hoton huhu ta yi kuskure likita ne, wanda zai gane na'urar hasashen ambaliya ta yi kuskure masanin ruwa ne. Ba a tara wannan sani a ofis guda.

Sauran ƙasashe ma da wannan suke kokawa. A Ingila, inda ba a kafa sabuwar hukuma ba, hukumomin gasar kasuwanci da kare bayanai da sadarwa suka kafa zauren tuntuɓa a 2020, ta harkar kuɗi ta shigo a 2021. Tarayyar Turai kuwa ta yi doka sukutum, wadda ta fara aiki ran 1 ga Agusta 2024. Ta kasa na'urori gwargwadon haɗarinsu, ta haramta waɗansu, ta tsananta sharuɗɗa a kan masu yanke hukuncin bashi da ɗaukar aiki da makamantansu, ta kafa ofis a tsakiya da majalisar wakilan ƙasashe, amma ta bar yawancin aikin sa ido a hannun hukumomin kowace ƙasa. Mu a nan, an buɗe cibiyar ƙirƙirarriyar basira a Abuja a 2020, an fitar da daftarin manufar ƙasa a watan Agusta na 2024. Takardu ba su yi mana ƙaranci ba.

Abin da nake gani ya fi kowace takarda muhimmanci shi ne ƙofa. Manomin Bakura bai kamata ya san bambancin NCC da NITDA ba, kamar yadda mai ciwon ciki bai kamata ya san sunan hanjin da ke ciwo ba kafin likita ya duba shi. Ya kamata a ce akwai wuri ɗaya, a sakatariyar ƙaramar hukuma ko a ofishin Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ke nan tun 1975, inda zai faɗi kukansa da baki, da Hausa, a rubuta, a ba shi lamba. Daga nan rarraba kukan ga hukumomin da abin ya shafa ya zama aikin gwamnati, tare da wa'adi, da sunan hukumar da za ta jagoranta in maganar ta shafi uku ko huɗu. Wannan kuwa sai doka ta tilasta shi. Yarjejeniyar fahimtar juna da shugabannin hukumomi kan sa wa hannu a gaban 'yan jarida takan mutu ran da aka yi wa ɗayansu canjin aiki, ma'aikatan da ke zaune a nan sun fi ni sanin haka. Dokar kare bayanai ta 2023 ta riga ta ba mutum haƙƙin ya ƙi hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke masa, ya nemi ɗan'adam ya sake dubawa. Haƙƙi ne mai daraja, amma mutum nawa ne a Maradun suka taɓa jin labarinsa da harshensu?

Bayan ƙofa sai awo kafin gini. Duk na'urar da gwamnati ko banki za su yi amfani da ita wajen raba taki, ko tallafi, ko rance, ko fili, a rubuta ta a rajistar da kowa zai iya gani, a kuma gwada ta kafin a sake ta. Mai gwajin kada ya zama mai sayarwa. A kuma tambayi abin da ba a tambaya ba a 1974: su wane ne ke ƙasa da madatsa? Alal misali, rajistar gona takan ɗauki suna ɗaya, na mai gona. Amma a ƙasar Hausa akwai aro, akwai haya, akwai jingina, akwai gandu da gayauna, akwai gonar marayu da ke hannun baffansu, akwai gonar mace da aka rubuta da sunan mijinta. Na'urar da aka koyar da irin wannan rajista za ta ɗauka duk waɗannan mutane babu su, za ta kuma yi musu haka cikin daƙiƙa guda, a ƙauye dubu, ba tare da wani magatakarda da za a je a yi wa magiya ba.

Akwai wani gargaɗi da ya wajaba in yi. Haɗa kan hukumomi yana da fuska biyu. Su riƙa musayar labari a kan na'urori da kamfanoni, wace ce ta yi kuskure, wane ne ya karya doka, wannan shi ake nema. Amma su zuba lambar banki da lambar ɗan ƙasa da layin waya da takardar asibitin mutum a kwando ɗaya, kowa ya sa hannu ya ɗiba, wannan wani abu ne dabam, kuma a jihar da ake sace mutane don kuɗin fansa, kowa ya san abin da zai faru in kwandon ya yoye.

Ƙetaren iyaka

Gulbin Maraɗi yana tasowa ne daga ƙasar Katsina, ya shiga Nijar ya ratsa ta kusa da Maraɗi, sa'an nan ya komo Nijeriya ya zuba a Rima, wadda ke haɗuwa da Gulbin Sakkwato. Iyayenmu sun gane cewa irin wannan ruwa ƙasa ɗaya ba ta iya mulkinsa. Saboda haka aka kafa hukumar Kogin Kwara a 1964, aka sake mata fasali a 1980, tana da ƙasashe 9, hedikwatarta na Yamai. Aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar a 1971, a 1990 kuma ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri a kan rabon ruwan kogunan da suka yi tarayya a kai, har da shi Gulbin Maraɗin.

Yau kamfanin Google yana da na'urar hasashen ambaliya wadda ke ba da gargaɗi har kwana bakwai kafin ruwa ya iso, a 2023 kuma ta game ƙasashe 80, da Nijeriya a cikinsu. Alheri ne babba, wanda ya ga ambaliyar Sakkwato ta 2010 ba zai raina shi ba. To, amma hukumar hasashen yanayi tana da nata hasashen, hukumar kula da koguna tana fitar da nata kowace shekara, cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tana da nata, mai buɗe ƙofar madatsa kuwa ma'aikacin wata hukumar ne. In suka saɓa, na wa manomi zai bi? In na'ura ta ce ruwa na zuwa, mutane suka bar shinkafa ta nuna a gona suka gudu, ruwa bai zo ba, wa zai amsa? In ta yi shiru ruwa ya zo fa? Na'urar kuma ba ta iya sanin ran da za a saki ruwa a Bakolori ko Goronyo ko Jibiya sai in masu madatsun sun faɗa, ba ta iya gyara kirdadonta sai da awon ruwan da aka yi a ɓangarorin iyaka biyu.

A sama akwai yarjejeniyoyi. Ƙungiyar UNESCO ta zartar da ƙa'idojin ɗa'a na wannan fasaha a 2021, Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a sanarwar Bletchley a Ingila a 2023, Tarayyar Afirka ta amince da manufarta a Akara a watan Yuli na 2024. ECOWAS tana da dokar kare bayanai tun 2010, amma Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025, mun kuma ga yadda aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 2023. Don haka ni a ganina hanyar da ta fi kusa ita ce ta ƙananan ma'aikata: masu awon ruwa na ɓangarorin biyu, da hukumomin kare bayanai na Abuja da Yamai, su ƙulla hulɗa ta aiki a ƙarƙashin waɗancan tsofaffin hukumomi na ruwa da maƙwabtaka, waɗanda suka ga juyin mulki iri iri ba su rushe ba.

Daga ƙarshe bari in koma gonata. Sa'ad da nake karatu a ƙasar waje na ga yadda ake tara rubutun Hausa don koyar da kwamfuta, yawancinsa labaran rediyo da jaridu ne, da daidaitacciyar Hausa mai kama da ta Kano. Mutumin Bakura kuwa cewa yake hwadama, ya ce tahi, ya ce biyat, ya ce wanga da wagga. Na'urar da ke sauraren koke, ko mai tace maganganun ƙiyayya a Facebook, in ba ta san wannan ba, za ta kasa jin mai gaskiya, ta kuma ƙyale mai zuga mutane da habaici da zaurance. Gwada wannan kuwa aikin sassan Hausa na jami'o'inmu ne.

Mu ma muna da namu tarihin haɗin kai a ƙetaren iyaka. An zauna a Bamako a 1966, aka sake zama a Yamai a watan Janairu na 1980, wata uku kafin abin da ya faru a Bakolori, don a daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijeriya da Nijar. An daidaita abubuwa da yawa, amma har yau mu muna rubuta 'ya'ya, su suna rubuta ƴaƴa. Mai karatu ba ya ko lura, kwamfuta kuwa kalmomi biyu take gani sai an koya mata. Tun watan Maris na 2025 Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa, saboda haka takardun hukuma da Hausa za su ƙaru a can, na'urori kuma za su ci daga rumbunan biyu. Ina ba da shawara sassan Hausa na Sakkwato da Gusau da Katsina su nemi takwarorinsu na Yamai, a tara muryoyi da rubutu na kowane karin harshe, da izinin masu su, a shirya jarrabawar da kowace na'ura za ta ci kafin hukuma ta yarda a yi aiki da ita a kan Bahaushe. Za a iya fara ɗaukar muryoyin a kasuwar Talata Mafara, inda mutanen ƙasashen nan uku suke haɗuwa kowane mako.